Gishiri a Wutsiyar Mota

Hamma, ɗan yayar mahaifiyata, shi ne ya aiko mini daga Ngurore. Ya ce yana so ya fara kamasho a tasharsu, kuma tun da na yi boko na kuma zauna a rumfar Baba, mahaifina, in rubuta masa yadda ake aikin. Na sayi littafi mai layi. Kwana tara yana ƙarƙashin matashina, ban rubuta komai a ciki ba sai bisimilla. Duk ta inda na ɗauko maganar sai ta kai ni bakin kogi. To, bari in bi ta haka nan, Hamma ya tsinci abin da zai amfane shi.

Ɗan kamasho ba shi da mota, ba shi da kaya. Ga mai kaya yana neman wanda zai kai masa Mubi, ga direba da mota wayam yana neman abin ɗauka, ba su san juna ba, ba su kuma yarda da juna ba. Sai su haɗu a kan mutum ɗaya da dukkansu suka yarda da shi. A tashar Jimeta, ga motocin da ke ƙetare Binuwai su yi arewa, wannan mutumin Baba ne. Yana saurayi ya zo daga Barno, tun Turawa na nan, ya fara da dako a bakin ruwa lokacin da jiragen damina ke kawo gishiri su koma da gyaɗa. Rumfarsa ba wani abin kallo ba ce. Benci biyu, tebur, sikeli mai ƙugiya, da tulun ruwa da kowa ke sha.

Shekarar da na gama sakandare, bayan yaƙin basasa da kaɗan, cutar yanar ido ta rufe masa gani. Yana ganin haske da inuwa, amma ba ya ganin rubutu, ga shi a lokacin 'yan sandan hanya sun fara matsawa sai kowace mota ta nuna takardar kaya. Ya ce in zo in riƙa rubuta masa. Dada, mahaifiyata, ta ce 'yarta ba za ta zauna cikin direbobi ba. Baba ya ce kafin takardar aikina ta fito daga Maiduguri ne kawai. Aka sa mini kujera a can ƙuryar rumfa, bayan tebur, ina lulluɓe da mayafi ina rubutu. Direbobi suka sa mini Akawu.

A wannan kujerar na koyi abin da na koya. Baba ba ya karɓar buhu a kan maganar mai shi, sai ya zura hannu ya taɓa abin da ke ciki. Ba ya haɗa kananzir da sukari ko gari a mota ɗaya, ko da mai kayan ya rantse garwarsa ba ta yoyo. Fatun dabbobi ba sa tafiya da atamfa. Ba ya ba da kaya ga direban da bai san gidan mai motarsa ba. Da damina ba ya yi wa kowa alkawarin ranar isa, domin da an yi ruwa ake rufe shingen hanya sai ƙasa ta sha iska, wani lokaci yini da kwana. Kuɗin mota da nasa ladan kuwa a gaban mai kaya da direba yake faɗa, da ƙarfi, kowa na ji.

Akwai abu na ƙarshe da yake yi kafin kowace mota ta tashi. Sai ya miƙe da sandarsa ya zagaye ta, ya durƙusa a wajen tayar baya, ya lalubi sifirin, ganyayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, sannan ya zura yatsunsa tsakanin taya da katakon bodi. Yatsu huɗu. In sun shiga, ya ce a sauka lafiya. Ni kallon al'adar tsoho nake yi wa abin, kamar yadda yake shafa gemunsa in zai yi magana. Bai taɓa yi mini bayani ba, ni kuma ban tambaya ba.

Saboda wannan hannun nasa aka yi wata al'ada a tasha. Lodin da Baba ya tsara, direba ba ya kwance igiyar tamfol ya duba. Na wasu 'yan kamashon ana kwancewa, har a yi cacar baki. Nasa kuwa kwancewa zagi ne. Sabon direba in ya kai hannu ga igiya sai tsofaffi su harare shi.

Abin da ya fara shiga kaina wani ɗan kasuwa ne na Song. Kullum sai ya yi mita. Gishirinsa na can ƙasa, can gaba a bayan kan mota, in an isa Song sai an sauke kayan Gombi da na Mubi a ƙasa kafin a kai gare shi, a sake mayarwa. Rabin yini ya tafi, wani lokaci ruwa ya sauko a kan kayan mutane. Na ga kamar gyaran mai sauƙi ne. Na ce wa Baba me zai hana a fara zuba kayan da za su sauka a ƙarshe, na farkon sauka su zauna a baya kusa da ƙofa. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, mota ba akwatin makaranta ba ce." Zai ƙara wani abu sai ga baƙo ya yi sallama, maganar ta wuce. Na ji haushi. A raina na ce mutanen nan sun saba da wahala ne har sun ɗauka ita ce daidai.

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina. Da asuba aka aiko daga Mbamba cewa surukin Baba ya rasu. Yana ɗaura rawani ya ce mini, "Motar Baffanki ce kaɗai yau. Sarkin lodi ya san aikinsa. Ke dai ki rubuta takarda." Suka tafi da Dada.

Wanda muke kira Baffa ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Direba ne ɗan asalin Yola, abokin Baba tun kafin a haife ni. Shi ya kai ni makaranta ranar farko, akwatina a gaban mota. Duk dawowarsa daga Mubi sai ya ajiye mini rake a kan tebur ya ce cin hanci ne, don in rubuta sunansa da kyau. Ran nan ya ajiye motar tun da safe ya koma Yola, ƙaramar 'yarsa ba ta da lafiya, ya ce zai dawo bayan azahar.

Kayan ranar, gishiri ne buhu sittin na Girei da Song, sabulu na Gombi, sai na Mubi, wato kwanonin sha, fitilu, katifu da daurin tabarmi. Na zauna na ja layi da rula. Na jera su yadda za su sauka. Na haɗa nauyinsu sau biyu, bai kai abin da aka rubuta a jikin ƙofar motar ba. Ina tuna yadda takardar ta yi mini kyau.

Sarkin lodi, babban 'yan dakon rumfarmu, dattijo ne mai faɗin ƙirji. Da na karanta masa tsarin sai ya tsaya da buhu a kafaɗa.

"Akawu, gishiri shi yake fara shiga. Kullum."

"Yau juyawa za a yi."

"Juyawa? Motan nan zai zauna a gindi fa."

Da na ce ra'ayina ne, da ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa, da yau ba na wannan rubutun. Na san haka a lokacin. Shi ya sa na ce, "Baba ne ya ce."

Ya sauke buhun. "Maigida ya faɗa da bakinsa?"

"Ga shi a rubuce."

Bai iya karatu ba. Ya dubi takardar ya daɗe, ya dube ni, ya ce, "To. Tun da takarda ne." Ya juya ya yi wa mutanensa magana da Fulatanci, suka fara ɗaukar katifu.

Fasinjoji bakwai ne za su hau saman kaya. A cikinsu akwai wata tsohuwa daga unguwar Bako, za ta Song wajen 'yarta da ta haihu. Tana rungume da ƙwarya ɗaure da tsumma, daddawa da kanwa da yaji ne a ciki. Ƙafafunta a kumbure suke, ba za ta iya hawa can sama ba. Ni na ce a zaunar da ita a baya, a kan buhunan gishiri, tun da wurin a shimfiɗe yake kuma tare za su sauka.

"Goggo, in gishiri ya sauka kema ki sauka," na ce mata.

"Ai ni da shi duk tukunya ɗaya muka nufa," in ji ta. Mutum biyu suka ɗaga ta. Ta gyara zama ta yi ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ba ni miji mai mota.

Baffa ya iso bayan azahar, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tun daga nesa na ga ya rage tafiya. Ya zagaya motar. Ya durƙusa a wajen tayar baya ya daɗe.

"Yau kuma motata zaman kare take yi," ya ce. "Wa ya tsara lodin nan?"

Sarkin lodi ya nuna ni da haɓa. Na ce, "Baba ne, kafin ya tafi."

Baffa ya ɗora hannu a kan igiyar tamfol. Na ga hannun. Direbobi uku na zaune a bencinmu suna kallo. Ya dubi hadarin, ya dubi igiyar, ya janye hannunsa.

"Idonsa ne ya tafi, hannunsa na nan," ya ce. "In shi ya ce, da dalili. Akawu, ba ni takardata kada shinge ya rufe ni a Girei."

Bayan sun tashi na ga na bar rasiɗin mai sabulu a ƙarƙashin littafi. Na ɗauka na bi su da sauri, don na san sai sun jira jirgin fito. Shi ya sa na ga abin da idona.

Wanda bai san wurin ba, ga yadda yake. Mota na gangarowa daga tudu zuwa bakin ruwa, sannan ta hau wasu katakai biyu masu kauri da aka jingina da jirgin, ta haye bisa. Doka ce fasinja su sauka su shiga da ƙafa. Shida sun sauka. Tsohuwar aka bar ta, saboda sauke ta da mayar da ita aiki ne, kuma ana yi wa tsofaffi haka.

Ina kan tudu lokacin da Baffa ya sa giya ya fara hawa. Tayoyin gaba suka hau katako. Sai na ga kan motar ya ci gaba da ɗagawa, ya wuce yadda ya kamata, har na hangi haske a ƙarƙashin tayoyin. Baffa na juya sitiyari, tayoyin na juyawa a iska. Bayan motar ya zame daga katako ɗaya. Ba da sauri abin ya faru ba. A hankali ta karkace, kamar saniya za ta kwanta, sannan ta faɗi da wutsiya cikin ruwa. Igiya ta tsinke, buhunan suka bi juna.

Ruwan wurin bai wuce ƙirjin namiji ba. Da ba abin da ke kanta, da ta miƙe tsaye. Masu fito da 'yan dako suka faɗa ruwa suna janye buhu suna miƙawa baya. Na ji wani na cewa buhunan na ƙara sauƙi, gishirin narkewa yake. Ƙwaryarta ta taso, ta juya, ta bi ruwa da tsummanta a ɗaure. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da aka fito da ita aka kwantar a kan tabarma, cikin tabarmin Mubi, wata mai sayar da kifi ta cire mayafinta ta rufe ta. Rasiɗin mai sabulu na hannuna har lokacin.

Baffa ya fito ta taga, kafaɗarsa a karye, goshinsa na jini. 'Yan sanda suka zo. A gabana sajan ya tambaye shi me ya faru. Ya ce, "Ni ne. Ƙafata ce ta zame daga kan kuloci." Bai dubi inda nake ba. Suka tafi da shi.

Kashegari Baba ya sa aka kai shi bakin ruwa. An riga an jawo motar da sarƙa. Buhunan da aka tsamo na jere a kan yashi, sun saɓe, ƙasa ta yi fari a kewayensu. Ina riƙe da sandarsa. Ya shafa bodin, ya lalubi sifirin baya, ya ji ganye biyu sun karye. Ya tambayi sarkin lodi a ina gishiri ya zauna. Sarkin lodi ya ce, "A baya, Maigida. Yadda takarda ya ce." Baba ya juyo gare ni. Ya karɓi sandarsa daga hannuna ya ce mu tafi.

Kwana biyar ba wanda ya ce mini komai. Tasha duka ta ɗauka Baba ne ya yi kuskure, tsufa da makanta sun kai ga hannunsa, aka haɗu ana rufa masa asiri. Direbobi na zuwa gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa kamar masu dubiya. Baffa na tsare a caji ofis yana maimaita cewa ƙafarsa ce. Aka ce za a kai shi kotu a kan ran tsohuwar, kuma in ya tsaya a kan maganarsa gidan yari ne, shekaru. 'Ya'yansa bakwai. Sarkin lodi kaɗai ke kallona, kallo ɗaya da safe, ya wuce.

Na kasa cin abinci. Da na kai miya baki sai in ji gishirinta kawai. Dada ta ɗauka firgitar abin da na gani ce, ta karɓo mini rubutu wajen malamin unguwa. Na sha. A rumfa ko layi na kasa ja.

A rana ta biyar da hantsi matar Baffa ta zo daga Yola da kwanon abinci za ta kai masa. Ta biyo ta gidanmu, ta zauna a zaure gaban Baba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce an ba ta shawara a rubuta wa babban ɗan sanda takardar roƙo da Turanci, a ce mijinta ya yi shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. Ta juyo gare ni.

"'Yata, ke ce mai hannun. Yana yawan cewa ba mai rubutu irin naki."

Na ɗauko takarda. Na rubuta kwanan wata da gaisuwa. Alƙalamin ya tsaya. Ina jin numfashinta kusa da ni, da ƙamshin miyar kuka daga kwanon.

Na ce, "Baba, ba kai ka tsara lodin ba. Ni ce. Na ce musu kai ne."

Na faɗi sauran, da maganar sarkin lodi, da hannun Baffa a kan igiya, da wanda ya ce a zaunar da tsohuwar a baya. Muryata kamar ta wata. Da na gama, matar Baffa ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ɗauki kwanonta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Shi yana can yana kare makaho." Ta fita.

Baba ya ce, "Na sani tun a bakin ruwa."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Kwana biyar ina ɗaura rawani in je in ce ni ne, ina kwancewa. In na ce ni ne, na yi ƙarya a kan rai. In na ce ke ce, ni na kai ki da hannuna." Ya lalubi sandarsa. "Ni ma tsoro nake ji, uwata. Ɗauko takardar da kika tsara lodin."

Dada ta tare ƙofa. Ta ce da Fulatanci abin da ba zan rubuta ba, a kan wanda ya kai 'yarta tasha tun farko. Baba ya tsaya a gabanta. Ya jira har ta matsa.

Muka biya ta rumfa muka ɗauki sarkin lodi. A caji ofis sajan ya saurare ni yana juya biro. Da na gama ya yi dariya ya ce, "Wato yarinya ce ta kayar da lori? Malam, ka mai da 'yarka gida." Na ajiye takardar a gabansa, da layukana na rula. Sarkin lodi ya ce, "Shi ne takardan. Ni na zuba da hannuna, na san ba daidai ba ne." Sajan ya daina dariya. Aka kai mu wajen sufeto. Ya sa na rubuta bayanina da kaina, shafi uku, na sa hannu. Ya karanta ya dube ni ya tambayi makarantar da na yi. Sannan ya ce doka direba ta sani, shi ke da alhakin duba kayansa kafin ya tashi, al'adar tasha ba ta cikin littafinsa. Amma ya ce wannan ya canza maganar.

Aka fito da Baffa don a tambaye shi. Hannunsa na rataye a wuya da ƙyalle. Sufeto ya karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ɗago ya dubi Baba, ya ce, "Ashe ba kai ba ne." Kamar ya ji sauƙi. Ni bai dube ni ba.

A rana ta goma sha ɗaya aka sake shi. Ba a ɗaure shi ba, amma an karɓe lasinsa na shekara guda, mai motar kuma ya sallame shi. Ni ba a tuhume ni da komai ba. Sufeto ya ce ba shi da sashen dokar da zai sa ni. Na so a ce akwai.

Mun je Bako ta'aziyya, ni da Baba. Ɗan tsohuwar, manomi ne, ya karɓe mu a ƙofar gida. Baba ya faɗa masa komai, ina tsugune a gefe. Mutumin ya daɗe yana kallon ƙasa, ya ce kwananta ne ya ƙare. Sannan ya ce ƙanwarsa ta Song ba ta yafe ba, kuma ba zai tilasta mata ba. An sa wa jaririyar sunan tsohuwar. Har yau in na ji sallamar mace a ƙofar gidanmu sai in yi tsammanin 'yar tsohuwar ce ta zo daga Song ta ga fuskata.

Rumfa ba ta mutu ba, amma ta rame. Wasu 'yan kasuwa sun koma wajen wasu 'yan kamashon. Ɗan kasuwar Song mai mita shi ya fara tafiya. Mako biyu bayan haka wani direba matashi ya zo ɗaukar gyaɗa. Baba da kansa ya tsara, ya zagaya, ya zura yatsunsa, ya ce a sauka lafiya. Direban ya tsaya jim, sannan ya kai hannu ya fara kwance igiya. Baba ba ya gani, amma ya ji ƙarar igiya tana zamewa a kan tamfol. Na ga fuskarsa. Wani tsohon direba ya buɗe baki zai tsawata, Baba ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Kwance, ɗana. Daga yau kowa ya riƙa kwancewa."

Ya koma benci ya zauna. Ranar bai ci abincin rana ba.

Baffa yanzu yana zama wajen wani mai facin taya a bakin tasha, yana taimakawa da hannu ɗaya, kafaɗar ba ta haɗu daidai ba. Baba na aika masa da hatsi, yana karɓa. Kullum da safe ta gabansa nake wucewa. Ina durƙusawa in gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau." Bai sake ce mini Akawu ba.

Takardar aikina ta fito daga Maiduguri a watan jiya. Tana cikin akwati. Baba ya ce in tafi, Dada ta ce in tafi. Na ce sai Baffa ya karɓi lasinsa. Ban san me zamana zai ƙara masa ba, amma na kasa tashi.

Hamma, ga abin da ka tambaya. Mai nauyi shi ke fara shiga, a ƙasa, a gaba, jingine da kan mota, ko da shi ne zai fara sauka. A sha wahalar saukewa a Song. Jimillar nauyi a takarda ba ta gaya maka inda nauyin ya zauna. In ɗan dako ya ce maka mota za ta zauna a gindi, ajiye takardarka ka saurare shi. Kowa ya sauka a bakin fito, ko da sai an goya shi. Kada ka ce wani ya ce alhali bai ce ba, musamman wanda aka yarda da shi. Kuma in direba ya kai hannu ga igiya, ka taya shi kwancewa.

Yanzu ni ke zagayawa tare da Baba. Yana durƙusawa, ina durƙusawa bayansa a cikin ƙura, direbobi na kallo, ba mai dariya. Ya zura hannu ya fitar, in zura nawa. Yatsuna sun fi nasa sirantaka, saboda haka biyar nake ƙirgawa. Jiya a motar Gombi huɗu da rabi suka shiga. Na ce a sauke. Aka yi awa biyu ana juya buhu cikin rana, mai kayan na zagina a fakaice, ni kuma ina tsaye riƙe da ƙarfen bodi har aka gama.